Ancient Earth: shafin da ke nuna inda garinku yake shekaru miliyan ɗaruruwa da suka wuce

Daga cikin shafukan intanet da aka gina domin koyar da tarihin duniya, wanda na fi ba ɗalibai da malamansu shawarar su buɗe shi ne Ancient Earth, wanda wani injiniyan manhaja mai suna Ian Webster ya tsara, ya kuma ɗora shi a kan taswirorin da masanin ilimin ƙasa Christopher Scotese ya shafe shekaru yana haɗawa. Kyauta ne, ba a neman mutum ya yi rajista, kuma abin da ake gani da zarar ya buɗe shi ne ƙwallon duniya tana juyawa, wadda za a iya tsayar da ita ko a karkata ta duk inda ake so. A sama akwai wurin zaɓen zamani, daga shekaru miliyan 750 da suka shuɗe zuwa yau, sai kuma wani gurbi da ake rubuta sunan gari, shafin ya ɗiga alama a daidai wurin da ƙasar garin take a zamanin da aka zaɓa.

Wannan gurbin sunan gari shi ne ƙarfin shafin. Bayanin cewa nahiyoyi suna tafiya ba sabo ba ne, domin tun a shekarar 1912 Bajamushe Alfred Wegener ya gabatar da shi, kuma sai a shekarun 1960 masana suka amince da shi bayan binciken ƙarƙashin teku ya nuna yadda ɓawon duniya ya rarrabu zuwa manyan faifai masu motsi. Matsalar ita ce motsin bai wuce 'yan santimitoci a shekara ba, kwatankwacin yadda farce ke tsiro, saboda haka da wuya ya zauna a zuciyar ɗalibi idan a allo kawai aka rubuta masa. Amma idan ya rubuta Kano ko Damagaram da hannunsa, ya mayar da zamani zuwa shekaru miliyan 240, sai ya ga alamar garinsu a can tsakiyar dunƙulalliyar nahiyar Pangiya, babu Tekun Atlantika ko kaɗan, ƙahon arewa maso gabashin Birazil kuma yana kwance cikin lungun da a yau muke kira mashigin tekun Gini. Idan ya ci gaba da matsowa zuwa miliyan 120 da miliyan 105, da idonsa zai ga tsagar tana buɗewa har ruwa ya raba Afirka da Kudancin Amurka. Kwarin Binuwai ma ɗaya ne daga rassan wannan tsaga, sai dai shi bai kai ga zama teku na dindindin ba.

Akwai zamani biyu da nake ganin duk mai amfani da shafin daga yankinmu ya kamata ya tsaya a kansu. Na farko shi ne wajen shekaru miliyan 450, lokacin da yammacin Afirka yake kusa da ƙuryar kudancin duniya. Jim kaɗan bayan haka ƙanƙara ta lulluɓe yankin da yanzu ya zama Sahara, kuma har yau ana samun sawun karcewarta a jikin duwatsu a kudancin Aljeriya da arewacin Nijar. Na biyu shi ne tsakanin miliyan 90 da miliyan 66, lokacin da wani siririn teku mara zurfi yakan ratsa Sahara daga arewa ya malalo har ƙasar Sakkwato. Shaidar wannan teku a ƙarƙashin ƙafafunmu take. Dutsen farar ƙasa da ake haƙowa a Kalambaina domin yin siminti a gindin ruwan gishiri ya taru, kuma mai lura yakan tarar da ɓawon dodon koɗi da na sauran halittun teku a maƙale a cikinsa. Akwai kuma wani ƙaton mai rarrafe na cikin teku da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo, saboda a wannan yanki aka tono ƙasusuwansa.

Kowane zamani yana zuwa da gajeren bayani a gefe, akwai kuma jerin manyan abubuwan da suka faru wanda mutum zai iya tsallakawa kai tsaye zuwa gare su, kamar bayyanar tsirrai masu fure ko ƙarewar dabbobin dainoso shekaru miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani makeken dutse daga sararin samaniya ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko. Bayanan sun yi gajarta ƙwarai, kuma da Turanci kaɗai suke, don haka malami ne zai cike giɓin. A nan ne ya dace a ba ɗalibi labarin Gadufawa a jihar Agadas, inda aka tono Sarcosuchus, dangin kada mai tsawon da ya haura mita 9, da Nigersaurus, wani dainoso mai haƙora sama da 500, dukansu sun rayu a bakin manyan koguna kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, a wurin da yau babu komai sai rairayi.

Babban abin da ya kamata mai amfani ya sani shi ne shafin bai ɗauko labarin daga tushe ba. Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya a kan biliyan 13.8, na duniyarmu kuma biliyan 4.54, sannan akwai alamun ƙananan halittu a duwatsun yammacin Ostireliya da suka kai shekaru biliyan 3.5. Ke nan shekaru miliyan 750 da shafin ya fara da su kusan kashi ɗaya cikin shida ne na rayuwar duniya, kuma ɗalibin da ba a faɗa masa haka ba zai iya ɗauka cewa taswirar farko ita ce mafari. Ba na ganin wannan sakaci ne, domin gwargwadon nisan zamani, gwargwadon ƙarancin duwatsun da suka tsira da shaidar inda nahiyoyi suke. Saboda wannan dalili kuma, alamar da ake ɗigawa a kan gari ƙiyasi ce, musamman a tsofaffin zamanai, bai kamata a ɗauke ta a matsayin awon fili ba. Haka abin yake a ɗaya ƙarshen: taku mafi ƙanƙanta a shafin na miliyoyin shekaru ne, don haka ƙoƙon kan Tumai, wata tsohuwar halitta mai kama da ɗan Adam, da aka samu a Chadi a 2001, mai kimanin shekaru miliyan 7, da ƙasusuwan mutanen dā da aka tono a Jabal Irhud na Maroko masu shekaru kimanin 300,000, duk ba su da gurbi a cikinsa.

Shafin yana buɗewa a waya, amma ya fi daɗin aiki a kwamfuta, inda maɓallan kibiya ke ba mutum damar bin zamanai ɗaya bayan ɗaya har motsin nahiyoyin ya fito sosai, kamar tafiyar Indiya daga kudu zuwa inda ta yi karo da Asiya ta tayar da tsaunukan Himalaya. Ga malamin da ke da kwamfuta ɗaya da aji cike da yara, shawarata ita ce ya fara daga yau ya riƙa komawa baya, kuma ya bar ɗalibai su zaɓi garin da za a rubuta.