Kamfanin da ke kula mana da kwamfutoci da netwok: inda suka burge ni da inda nake da ƙorafi

Mutane sun sha tambayata ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu idan ƙaramin kamfani ya ɗauki masu aikin IT su riƙa kula masa da kwamfutoci da netwok duk wata, maimakon a zauna sai abu ya lalace sannan a kira mai gyara. Mu dai mun ɗauka, kuma an kwana biyu ana tafiya tare. Sunansu zan bar shi, don irinsu suna da yawa kuma tsarin aikin kusan ɗaya ne. A wajena ta biya, amma ba ta hanyar da yawancin mutane ke zato ba. Gyaran firinta da kwamfutar da ta ƙi tashi duk suna yi, wannan kam kowane mai gyara zai iya. Abin da kake biya a zahiri shi ne aikin da idonka ba ya gani.

Ofishinmu ba babba ba ne, kwamfutocin ma'aikata, firinta, saba guda ɗaya (babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayanai daga gare ta) da manhajar lissafi ke kanta, sai kyamarorin tsaro da wayfai. Da suka zo ba su fara da sayar mana da kaya ba, wannan ya fara kwantar min da hankali, sai da suka bi duk wani abu da ke jone da netwok ɗin suka rubuta shi, har da na'urar ɗaukar yatsa ta shigowa aiki da kowa ya manta ita ma tana kan intanet. A nan aka gano rauta ɗinmu, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, tana nan da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, irin wadda duk wanda ya rubuta sunan rautar a Google zai gani. Kuma wayfai ɗaya ne kowa ke hawa, ma'aikata da baƙi da kyamarori, wato baƙon da ya zo jiran wani aka ba shi fasuwod don ya duba WhatsApp, wayarsa tana layi ɗaya da sabar da ke riƙe da lissafin kamfani. Suka raba shi gida uku, na aiki daban, na baƙi daban wanda ba ya ganin komai sai intanet, na kyamarori daban. Ina tsaye injiniyan ya buɗe akwatin da wayoyin suke, duk a cukurkuɗe, ya riƙa zaro kebul ɗaya-ɗaya yana manna masa takarda da lamba, wannan na teburin akawu, wannan na firinta, a ƙarshe ya miƙo min zanen netwok ɗin a takarda ɗaya. Yanzu ko a waya aka ce min zare lamba kaza na san inda zan sa hannu.

Sai batun sabunta manhajoji, wanda ma'aikata suka fi tsana saboda kwamfuta tana neman a kashe a kunna ana tsakar aiki. Su sun tsara shi da dare yake yi, kuma suna gani daga wajensu wace kwamfuta ce ta karɓa wace ce ta ƙi. Duk wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna harin cutar kwamfuta mai suna WannaCry na watan Mayun 2017, da ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ta fitar da maganin wannan kafar tun watan Maris, kusan wata biyu kafin harin, mutane ne kawai ba su saka ba. Haka da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, tun kafin lokacin sun kawo mana jerin kwamfutocin da za su iya hawa Windows 11 da waɗanda ba za su iya ba saboda ba su da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta da Windows 11 ke buƙata, sai muka samu sararin canza su a hankali ba a rana ɗaya ba.

Amma wallahi inda suka fi burge ni shi ne ajiyar kwafin bayanai. Da yawanmu muna ɗauka idan an tura fayiloli cikin hadis ɗin waje (wato hard disk, ma'ajin fayiloli da ake jonawa da kwamfuta) ko filash shikenan an gama, to ba haka ba ne fa. Irin cutar nan da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa, duk abin da ta samu a jone da kwamfutar kulle shi take yi, har da hadis ɗin da ka bari a maƙale kana cewa shi ne ajiyarka. Ita ma foldar da ke haɗa kanta da ma'ajin intanet irin su OneDrive ko Google Drive, idan fayil ya lalace a kwamfuta lalataccen ne zai hau can, sai dai ka koma tsohon juyi idan yana nan. Su tsarin 3-2-1 suke bi, kwafi 3, a kan irin ma'aji 2 daban-daban, 1 kuma a wajen ofis inda ko gobara ko ɓarawo ko cutar ba za su kai ba. Kuma ba su tsaya a faɗa da baki ba. Injiniyan ya ce min, “Yallaɓai zaɓi duk foldar da kake so.” Na zaɓi ta takardun albashi, ya goge ta a gabana har daga kwandon shara, gabana ya faɗi gaskiya, kafin in gama tambayarsa ko ya tabbata sai ga ta ta dawo kamar yadda take daren jiya, na buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya duk lafiya. Suna maimaita wannan gwajin lokaci zuwa lokaci su turo sakamako. Dan Allah duk wanda yake biyan wani don ya ajiye masa bayanai ya ce a dawo masa da folda ɗaya ya gani da idonsa, saboda akwai ajiyar da ta daina aiki tun tuni ba wanda ya sani, sai ranar da ake nemanta ido rufe.

Wayar da kan ma'aikata kuwa, nan akwai yabo akwai ƙorafi. Sukan turo imel na bogi da gangan don gwaji, misali saƙo kamar daga banki ko kamar daga ni kaina, ana cewa a danna nan a sabunta fasuwod kafin a rufe akawun yau. Wanda ya danna sai shafi ya buɗe ya nuna masa alamomin da ya tsallake, adireshin mai aikowa da aka canza harafi ɗaya a ciki, gaggawar da aka cusa a saƙon, da inda linkin yake kaiwa idan ka ɗora linzami a kansa ba ka danna ba. Abin da na ji daɗi, ba sa fallasa sunan kowa a gaban abokan aiki, kuma tun farko suka roƙe ni kada in yi wa kowa faɗa a kai, dalilinsu shi ne ma'aikacin da ke tsoron faɗa idan ya danna na gaske ɓoyewa zai yi, kuma awannin da ya ɓoye su ne mai kutse yake buƙata. Na ga amfanin haka, yanzu mutum da kansa zai ɗaga waya ya ce na danna wani abu ban yarda da shi ba, a duba.

Sun kuma tilasta mana matakin tabbatarwa na biyu a imel da VPN (hanyar shiga netwok ɗin ofis daga nesa), wato bayan fasuwod sai ka sa lambar da manhaja ke nunawa a wayarka. An yi gunaguni sosai a makon farko. Amma kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka, a watan Mayun 2021, da fasuwod ɗaya na wani tsohon akawun ɗin VPN mara wannan mataki aka shiga musu, bututun mai ya tsaya na kwanaki, suka biya kusan dala miliyan 4.4. Sai dokar da suka sa wa sashen kuɗi, duk wanda ya turo cewa ya canza lambar akawun ɗin banki, ko daga imel ɗinsa na gaskiya ne, ba a tura ko sisi sai an kira shi a lambar da aka riga aka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Yanzu ko murya da fuska ba abin dogaro ba ne, a 2024 an yaudari wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong da taron bidiyo na bogi da aka kwaikwayi shugabanninsa, ya tura kusan dala miliyan 25.

To ƙorafina a nan shi ne darasin nasu duk da Turanci mai nauyi yake, cike da kalmomin da sai wanda ya karanci fannin, kuma kusan duk misalan na imel ne. Direbobi da masu kula da sito ba imel suke aiki da shi ba, waya ce a hannunsu, kuma su ne ake kira a ce su karanto lambar da ta shigo musu, lambar nan mai 6 ta WhatsApp, da sun faɗa an ƙwace akawun, sai a shiga guruf ɗin ofis da sunansu ana neman kuɗi. Na zauna a zaman na kalli fuskokinsu, suna gyaɗa kai ne kawai don girmamawa. Wannan ya dame ni ƙwarai, saboda su ma ƙofa ce ta shigowa, kuma su ne asara ta fi yi wa ciwo.

Wajen amsa kira, idan babban abu ne kamar intanet ya ɗauke ko saba ta tsaya suna da sauri, ba ni da ta cewa. Ƙananan abubuwa ne ke jan ƙafa, sai ka buɗe tikiti, wato ka shigar da buƙatarka a rubuce ka jira layi, kuma yau wannan injiniya gobe wancan, sai ka sake bayani daga farko. Rahoton wata-wata ma zane-zane ne masu launi shafi bayan shafi, ni kuwa layi uku nake so, me ya faru, me ya rage, me kuke so in yanke hukunci a kai. Na faɗa musu, sun ɗan gyara.

Abin da ya fi duka nauyi, kuma ba su suka tayar da maganar ba sai da na tayar, shi ne duk makullan gidanka kake miƙa musu. Suna da manhaja a kan kowace kwamfuta da suke shiga daga nesa, idan aka ci su an ci ka. Haka ta faru a Yulin 2021 da aka bi ta manhajar Kaseya VSA da irin waɗannan kamfanoni ke amfani da ita, cutar ta gangara zuwa kamfanoni har kusan 1,500, shagunan Coop kusan 800 a Suwidin suka rufe saboda na'urorin karɓar kuɗi sun tsaya. Don haka na tambaye su, su waye a cikinku ke iya shiga namu, kuna da mataki na biyu a naku akawun ɗin, idan ma'aikacinku ya bar aiki yaushe kuke rufe nasa, kuma idan wani ya kira ku ya ce shi ne ni a canza masa fasuwod yaya za ku tabbatar. Amsoshin sun gamsar da ni. Inda aka ɗan ja shi ne da na nemi kwafin manyan kalmomin sirri na rauta da saba da imel su zama a hannunmu, sunan shafinmu na intanet ya kasance da sunan kamfaninmu aka yi masa rajista, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa ranar da aka rabu za su miƙa komai. Sai da na bi su na sake bi kafin aka yi, kuma ban ga dalilin jinkirin ba tunda kayanmu ne.

Zan sabunta kwangilar da su, amma na riga na sa sharaɗi a rubuce, zaman wayar da kai na gaba a yi shi da harshen da kowa ke ji, da misalan WhatsApp da kiran waya da saƙon tes, kuma a sa shi lokacin da direbobi suke nan. Sun ce za su turo min tsarin kafin a sa hannu.