Yawon Balad a Jidda da jagora, ga yadda na gani

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Umra ya samu rarar yini a Jidda don Allah kar ya ƙare a siyayya kawai, ya leƙa Balad, wato tsohon garin. Mu ta wani kamfanin yawon buɗe ido muka bi, suka haɗa mu da jagora, bayan la'asar muka shiga a ƙafa ta Bab Makka.

Jagoran dai ya san aikinsa gaskiya. Shi ya gaya mana tun zamanin Sayyidina Usman bin Affan aka mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka, nan alhazai ke sauka, a 2014 kuma UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. Gidajen da dutsen murjani na bakin Bahar Maliya aka gina su, ana jera katako a tsakani don ya riƙe ginin, na sa hannu a bango na shafa, duk ƙananan ramuka ne a jiki. Ga tagogin katakon nan da suke ce ma roshan, iska na ratsawa, na ciki yana kallon titi na waje bai ganinsa, wallahi mutanen da sun yi basira. Mun tsaya a Baitu Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, da bishiyar darbejiya a ƙofar gidan.

Inda ban ji daɗi ba shi ne saurin da yake yi da mu, gidajen da aka gyara da shagunan shayi kawai yake kai mu, lungunan baya da aka tokare gine-gine da ƙarafa sai da na matsa sannan muka leƙa, alhali can ne ma za ka ga girman aikin da ya rage. Kuma garin tashar ruwa ne fa amma bai kai mu bakin ruwa ba! Ganuwa an rushe ta tun 1947, an cike gaɓar da ƙasa teku ya ja baya, yanzu ana gyaran tafkin Arba'in don a sake haɗa garin da ruwa, ni wannan na fi son gani.

Damuwata ɗaya, kar gyaran ya kori masu turare da kayan ƙamshi na kasuwar Alawi, su ne ke raya wurin.

Kuɗina dai bai tafi a banza ba. In za ku je ku faɗa musu tun wajen biya kuna son lungu da bakin tafki, kuma ku sa takalmi mai sauƙi.