Faifan nesa ta layin umarni: iSCSI, NBD ko NVMe/TCP, wanne ya kamata a ɗauka?

Duk mai kula da kwamfutocin ofis ko na makaranta, wata rana zai tarar da na'ura mai tarin faifai a ɗaki guda, da wata mai ƙarfin aiki amma ba wurin ajiya a wani ɗakin. Raba fayiloli ta NFS ko Samba yakan wadatar, amma idan rumbun bayanai za a ɗora, abin da ake bukata shi ne ɗanyen faifai wanda zai bayyana a Linux da suna irin /dev/sdb, a shimfiɗa masa tsarin fayiloli irin ext4 ko XFS, alhali ƙarfensa yana can wani wuri, waya kaɗai ta haɗa su. iSCSI, NBD da NVMe/TCP hanyoyi ne uku na yin haka, manhajojinsu kuma duk kyauta ne. Kuɗin yana tafiya ne wajen faifai da waya da wutar da za ta riƙe su.

Ni iSCSI nake ba mutane shawara, kuma ba na ɓoyewa. Tsohuwar hanya ce da aka daidaita ƙa'idarta a takardar ƙa'idojin intanet ta RFC 3720 tun 2004, aka sabunta ta a RFC 7143 a 2014, tana kuma aiki ta ƙofar TCP mai lamba 3260. A ɓangaren na'urar da ke riƙe da faifan, LIO, manhajar da ke ba da aron faifan, yana cikin zuciyar Linux tun 2011, ana sarrafa shi da umarnin targetcli. A ɓangaren mai ara kuwa, umarni biyu sun isa: `iscsiadm -m discovery -t sendtargets -p 192.168.1.10` domin gano abin da aka tanada, sai `iscsiadm -m node --login` domin shiga. Daga nan umarnin lsblk zai nuna sabon faifai kamar an soka shi da hannu.

Abin da ya ɗaure ni da ita shi ne haƙurinta idan waya ta yanke. A cikin fayil ɗin saituna na iscsid.conf akwai replacement_timeout, wato lokacin jiran haɗi ya dawo, wanda yake kan daƙiƙa 120 idan ba a taɓa shi ba, kuma a tsawon wannan lokacin rubuce-rubucen da ke kan hanya jira suke yi maimakon su koma da kuskure. A inda ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, akwatin da ke haɗa wayoyin ya mutu kafin a tayar da janareta, waɗannan minti biyun su ne ke raba ɗan tsaiko da kwana a ofis ana gyara. Ana iya ƙara lokacin, sai dai a tuna a saka alamar _netdev a fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za a ɗora idan na'ura ta tashi, in ba haka ba na'urar na iya maƙalewa wajen tashi tana neman faifan da hanyar zuwa gare shi ba ta riga ta buɗu ba.

Na biyu kuma shi ne tsaron ƙofa. LIO ba ya barin kowa ya shiga sai wanda aka rubuta sunansa na IQN, wato sunan da kowace na'ura ke ɗauka a iSCSI, ana kuma iya ƙara kalmar sirri ta CHAP. Rashin tsaron ƙofa ne ya taɓa cizo na a NBD. Ita NBD, wadda Pavel Machek ya saka a Linux a 1997, ta fi kowacce sauƙi: `modprobe nbd`, sai nbd-client ta ƙofa 10809, /dev/nbd0 ya fito. A wani ofis da na yi wa aiki na bar ta a buɗe ba tare da jerin adireshin da aka yarda da su ba, wani abokin aiki ya ɗora faifan a kwamfuta ta biyu alhali ta farko tana rubutu a kansa. ext4 ba a gina shi domin masu gida biyu ba. Kafin la'asar fayilolin sun cuɗe, fsck, umarnin gyaran faifai, ya zuba abin da ya tsira a jakar lost+found ba suna ba tsari. Laifina ne, na yarda, amma tun daga ranar nake fara tambayar wa zai iya shiga kafin in tambayi gudu. Wanda dole sai na'urori biyu sun yi tarayya a faifai guda, tsarin fayiloli irin GFS2 ko OCFS2 zai nema, mai amfani da ext4 kuma ya kunna `tune2fs -O mmp` domin a hana na'ura ta biyu ɗora faifan. Ko a iSCSI, idan an kwafi na'ura daga wata, a sauya sunan da ke cikin fayil ɗin initiatorname.iscsi, domin suna ɗaya za su ɗauka. CHAP kuma ba ya ɓoye bayanan da ke wucewa, don haka kada a saki 3260 ga intanet sai ta hanya mai ɓoye bayanai irin WireGuard ko makamancinsa.

Har yanzu ina amfani da NBD ta umarnin qemu-nbd wajen leƙa cikin fayil ɗin qcow2, wato faifan da aka adana a matsayin fayil, iyakarta ke nan a wurina. NVMe/TCP, da ta shigo a Linux 5.0 a 2019, ta fi sauri, amma a kan wayar gigabit ɗaya da ba ta wuce kusan megabayit 115 a daƙiƙa, ba za a ga bambancin ba. Akwai wasu hanyoyin: Ceph RBD na masu na'urori uku ne zuwa sama da ma'aikacin da zai kula da su. AoE kuwa ba ta ƙetare rauta, wato ba ta fita daga hanyar sadarwar cikin gida.

Sai dai duk wannan zaɓe ba shi da amfani idan faifan kansa jabu ne, kuma a nan aka fi cutar mutane. Akwai SSD da ake rubuta wa terabayit 2 a jiki da kuma a cikin kwakwalwarsa, alhali ainihin abin da ke ciki ɗan kaɗan ne. Yana karɓar rubutu ba musu, yana taka tsohon bayani da sabo, kuma ta iSCSI ba abin da zai nuna maka, domin girman da faifan ya faɗa shi ake isarwa. Kafin a saka bayani ko ɗaya, a soka shi kai tsaye a gwada da f3probe, ko a cika shi da f3write a karanta da f3read. Akwai kuma tsohon faifai na tokumbo da aka goge aka sa a sabuwar leda. `smartctl -a` zai nuna awoyin da ya yi yana aiki da yawan sassan da suka lalace aka musanya, amma mayaudara sun iya mayar da lissafin awoyin sifili, saboda haka a haɗa da gwajin `smartctl -t long` a kuma duba lambar jikinsa a shafin kamfanin da ya ƙera shi. A tambayi ko faifan SMR ne ko CMR, wato salon da ake jera rubutu a kansa, domin SMR yakan yi nauyi ƙwarai idan rubutu ya daɗe, har a zaci hanyar sadarwa ce ta lalace.

Waya ma ba ta tsira ba. Da yawa daga cikin masu tambarin Cat6 alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe, suna karyewa a bakin kan da aka matse, haɗin ya riƙa yankewa yana dawowa. A kankare silin ɗaya da wuƙa a gaban mai shago: idan ciki ya yi fari, a ajiye masa naɗinsa.