Binciken microRNA a kansar ƙoda: jini ko tsokar ƙari?

Ɗaliban da ke shirin bincike kan kansar ƙoda sun sha tambayarmu: a jini za su auna microRNA (gajerun guntayen RNA da ke daidaita aikin ƙwayoyin gado), ko a tsokar ƙarin da aka yanko?

Tsokar ta fi nuna abin ƙarara. A nau'in kansar ƙoda mafi yawa, ƙwayar gadon VHL ce ke lalacewa, sai furotin HIF, wanda VHL ke sa a rushe shi, ya taru, wani microRNA mai suna miR-210 ya hau sosai. Da yake microRNA gajere ne, nukiliyotaid (tubalan ginin RNA) kusan 22, yana jure fomalin da kakin adana tsoka, don haka tsofaffin samfura ma suna aiki. Sai dai fa dole a yi tiyata ko a soka allura, kuma wani ɓangaren ƙarin kan bambanta da wani.

Jini kuwa ɗibarsa da sauƙi da araha, ana maimaitawa bayan tiyata, amma ba ya jure sakaci. A ɗiba a kwalbar EDTA, banda mai heparin (dukansu sinadaran hana jini daskarewa ne), domin heparin yana hana PCR, gwajin da ake auna microRNA da shi, aiki. A raba ruwan jinin cikin awa 2, a ajiye a -80°C, abin da ke neman wutar da ba ta ɗaukewa. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe, ruwan ya yi ja-ja, microRNA ɗin da ke cikinsu, wato miR-451a da miR-16, za su cika samfurin. A zubar da shi, kada a ji asara.

A asibiti har yanzu hoton CT da duban tsoka ne ke tabbatar da cutar.

Mai son gane yadda ƙarin ke aiki, tsoka ta fi masa. Mai bibiyar marasa lafiya wata bayan wata, kuma yana da firiza abin dogaro, ya ɗauki jini.