Unguwa mai ƙungiyar masu gidaje da marar ita: wace ta fi tsabta?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana shirin sayen gida a Amurka. An nuna masa biyu, ɗaya a unguwar da ke da ƙungiyar masu gidaje, ɗaya a inda babu. Yana tambaya ko tsabtar da ake yabo ta kai kuɗin da zai riƙa biya duk wata.

Malam, a unguwa mai ƙungiya, shiga ba zaɓi ba ce. Dokokinta suna manne da takardar gidan, ranar da ka saya ka zama mamba. Su za su faɗa maka iya tsawon ciyawar ƙofar gidanka, da launin fentin da aka yarda da shi, da lokacin da za ka mayar da kwandon shara ciki bayan motar kwashewa ta wuce. Kuɗin wata kuwa shi ake biyan masu yanke ciyawar filin kowa da kowa, da gyaran fitilu da katangar unguwa.

A inda babu ƙungiya, hukumar gari ce ke da wannan aiki, kuma galibi sai wani ya kai ƙara take motsawa. Jami'i ya zo ya liƙa takardar gargaɗi, a ba mai gida kwanaki, in ya ƙi a yanke ciyawar a aiko masa da lissafi. Amma galibi iyakarta abin da ya shafi lafiya da haɗari. Maƙwabcin da ya cika farfajiya da tarkace daidai gwargwadon abin da doka ta bari, sai dai haƙuri.

Ta fuskar sauri, ƙungiya ta yi gaba. Tana da haƙori: a Fulorida doka ta ba ta damar cin tarar dala 100 kan kowane laifi, har ta taru zuwa 1,000, sai in dokokin unguwar sun tanadi fiye da haka. Dole ne ta ba ka sanarwar kwana 14, kwamitin mutum uku da ba shugabanni ba ya saurare ka. Wanda kuma ya daina biyan kuɗin wata, ana iya ɗora bashin a kan gidansa, a wasu jihohi har a kai ga gwanjonsa.

Inda take faɗuwa shi ne asusun ajiya, wato kuɗin da ake tarawa don manyan gyare-gyare. Shugabannin maƙwabta ne 'yan sa-kai, ba mai son a ce shi ya ƙara wa mutane kuɗi. Sai a yi shekaru ana share ganye ana dasa furanni, titin unguwa yana tsattsagewa, magudanar ruwa tana cikewa da yashi. Ranar da gyara ya zama dole, a raba wa kowane gida kuɗi mai nauyi a lokaci guda. Shi ya sa Kalifoniya ta wajabta a duba kadarorin ƙungiya da ido aƙalla sau ɗaya a shekara 3, a lissafa abin da ya kamata a tara.

Kafin ka sa hannu, nemi kundin dokokin, da kasafin bana, da rahoton asusun ajiya, da bayanan zaman shugabanni na shekara guda. Duba gidaje nawa ne ake bin su bashi. Sannan ka zaga unguwar washegarin ranar kwashe shara, ka leƙa bakin magudanar ruwa da bayan katanga, wuraren da dillali ba ya kai mai saye.