Gwajin Jin Tsofaffi a Asibiti: Me Ya Kamata a Fara Saya?

A ɗakin kwanciyar tsofaffi sau da yawa likita zai yi bayanin magani, dattijo ya gyaɗa kai yana cewa "to, to", bayan an fita ya juya ya tambayi jikarsa me aka ce. Wasu ma'aikatan sai su rubuta cewa ya ruɗe ko mantuwa ta kama shi, alhali kunnen ne ya yi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana mu'amala. Ga asibitin da ke son fara tantance su, tambayar ita ce a kan me za a kashe kuɗi.

Ni dai shawarata, a fara da fitilar duba cikin kunne. Ba ta da tsada idan aka kwatanta da sauran, kuma ita ce ke nuna abin da ya fi sauƙin gyara: dattin kunne da ya daskare ya toshe hanya. Tsohon da aka cire masa wannan dattin yakan ji sauƙi nan take. In aka tsallake wannan mataki aka kai shi gaban na'ura, sakamakon zai nuna kurumtar da ba ta kai haka ba. A zaɓi mai haske sosai, mai batirin caji saboda matsalar wuta, da bakuna masu yawa da za a riƙa canzawa tsakanin marasa lafiya.

Sai gwajin raɗa, wanda kyauta ne. Nas za ta tsaya bayan mara lafiya, tazarar tsawon hannu, don kada ya karanta leɓenta, ta toshe masa kunne ɗaya, ta fitar da numfashi sannan ta raɗa lambobi uku, shi kuma ya maimaita. Da Hausa ake yi, kuma wannan babbar riba ce. Rauninsa shi ne raɗar wani ta fi ta wani ƙarfi, ga ƙarar fanka da janareta da 'yan dubiya. Don haka a horar da mutum biyu ko uku su riƙa yi iri ɗaya, a wuri mai shiru.

Manhajar hearWHO, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ita ma ba a biya. Tana furta lambobi uku-uku cikin hayaniya, mutum ya danna abin da ya ji. Ta dace da ma'aikatan asibiti da 'yan'uwan marasa lafiya, amma ga tsohuwar da ba ta saba da lambobin Turanci ko allon waya ba, ba zan dogara da ita ba.

Inda kuɗi ke shiga sosai shi ne na'urar awon ji. Akwai ta wayar hannu, irin su hearScreen ta kamfanin hearX na Afirka ta Kudu, wadda ke zuwa da lasifikar kunne da aka daidaita. Tana kaɗa sauti, mara lafiya ya ɗaga hannu in ya ji, babu ruwanta da yare, kuma ana kai ta har bakin gado. Kafin a biya a tambayi dillali abu biyu: wa zai sake daidaita lasifikar kowace shekara, kuma akwai kuɗin lasisi da ake sabuntawa? Lasifikar kasuwa ba ta maye gurbin tata.

Babbar na'urar tebur kuwa ta fi kowacce daidaito, amma tana buƙatar ɗaki marar ƙara da ƙwararren mai awon ji. Asibitin da ba shi da waɗannan biyu zai saya ne ta yi ta shan ƙura. Gara a tura wanda gwaji ya nuna yana da matsala zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kafin ya tafi, a rubuta a katinsa kunnen da ya fi ji da shi, a kuma sanar da likita idan yana kan magani irin su gentamicin ko furosemide, domin suna iya ƙara lalata ji.