Wasiƙa daga Las Vegas: hamadar da famfo ba ya ƙafewa

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida.

Ka ce in ba ka labarin garin nan ba ɓoye-ɓoye, tunda a gida caca kawai aka san shi da ita. To, ba ƙarya aka yi ba. Tun a filin jirgi na fara cin karo da injinanta, har kantin da nake sayen shinkafa akwai su a bakin ƙofa, tsofaffi sun zauna suna ta dannawa. Jihar Nevada ta Amurka, inda garin yake, ta halatta caca tun 1931, kuma harajinta na cikin dalilan da suka sa jihar ba ta yankar komai a albashinmu. Wannan kam yana min nauyi a zuciya.

Amma ni ruwa ne ya fi ɗaure min kai. Ruwan saman shekara guda a nan wajen milimita 100 ne, abin da watan Agusta kaɗai kan ninka a Kano. A Yulin 2024 zafi ya kai digiri 49. Duk da haka ban taɓa murɗa famfo na ji iska ba. Ba ɗan garuwa, ba jarka. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan daga tafkin Mead yake, bayan madatsar Hoover da aka kammala a 1936 a kan kogin Kolorado. Na wanka da na wanki ma tacewa ake a mayar tafkin. Kuma suna tattalinsa: an hana ban ruwan ciyawa ranar Lahadi, hukuma har biyan mutum take ya tuge ciyawar ƙofar gidansa ya zuba tsakuwa. Na je bakin tafkin na ga farin zane a jikin duwatsu, inda ruwa yake kaiwa a da. Ya ja baya ba kaɗan ba.

Wuta ba a ɗaukewa, sai dai takardar kuɗinta a bazara ta isa ta hana ka barci. Kasuwa kuwa ba tayi, ba "albarka", ba gyara. Abin da aka rubuta shi ne, a ɗora maka haraji sama da kashi 8. Na kai wando a rage min tsawo, kuɗin da tela ya faɗa ya kusa na sabo, na naɗe abina na dawo.

Garin yaro ne, Yaya. A 1905 kamfanin jirgin ƙasa ya yi gwanjon filayensa. Wani dattijo baƙar fata da muke Juma'a tare a masallacin As-Sabur, a unguwar Westside, shi ya ba ni labarin da ba a sa wa a talla. A da, mawaƙa baƙar fata irin su Sammy Davis Jr. za su cika otal da 'yan kallo, amma ba a barin su kwana a ciki, sai su dawo unguwar nan. Otal ɗin Moulin Rouge da aka buɗe a 1955 ne ya fara karɓar kowa, sai a 1960 sauran suka amince.

Makarantar gwamnati kyauta ce har aji 12, da motar ɗaukar yara. Iyaye na kukan cunkoso, amma abin da suke kira cunkoso a wajenmu rabin aji ne. Jami'arsu, UNLV, a 1957 ta kafu, shekara biyar kacal ta girmi ABU Zariya. Abin da ke ba ni tausayi, yaro na gama sakandare otal ke jan sa, don tukuicin da baƙi ke bayarwa ya fi karatu saurin shiga aljihu.

In an samu mai tahowa, a aiko min da kuka da daddawa. A nan 'yar leda kamar tafin hannu ake sayarwa, kuma ba ƙamshi. A gaida Inna da kyau.

Ƙaninka.